Ruwa ba ya tsami banza: dagwalon manjan Malesiya da bidon man da muke sayarwa

Duk wanda ke shiga kasuwanninmu na kan iyaka, daga Gaya zuwa Kwanni da Illela, daga Ɗan Isa da Jibiya har Magariya da Maigatari, ya san bidon nan mai ruwan ɗorawa da ake jibgewa a bakin shaguna. Da yawanmu man gyaɗa muke ce masa, mai saye ma da wannan suna yake tambaya, alhali kuwa mafi yawan abin da ke cikin bidon bai taɓa haɗa hanya da gyaɗa ba. Manja ne da aka tace, aka cire masa ja da ƙamshinsa, aka ɗauko shi a jirgin ruwa daga Malesiya ko Indunusiya, ya sauka Kotonu ko Lome ko Legas, kafin manyan motoci su hauro da shi. Ƙasashen nan biyu su ke samar da kimanin kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya baki ɗaya, don haka duk abin da ya taɓa masana'antunsu, ko ba jima ko ba daɗe sai ya taɓa aljihunmu.

Abin da muke son dubawa a yau shi ne abin da man ke bari a baya, can a gindin masana'antar da aka matse shi, wanda shekaru fiye da ashirin ke nan ana kai ruwa rana a kansa tsakanin Malesiya da masu sayen manta, musamman ƙasashen Turai.

Ƴaƴan kwakwar manja ba sa jira. Da zarar an sare su daga itace, dole a kai su masana'anta cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba man ya yi tsami ya faɗi daraja. Shi ya sa ake gina masana'antun a tsakiyar gonaki, kuma a Malesiya kaɗai akwai fiye da 400, daga yankin babban birni Kwala Lampur har jihohin Sabah da Sarawak da ke tsibirin Borniyo. A can ake turara ƴaƴan da tururi mai zafi, a ɓarje su, a matse, sannan a wanke man da ruwan zafi domin a raba shi da tuƙa. Tan 5 na ɗanyun ƴaƴa shi ke ba da kimanin tan 1 na mai. Ruwan da aka yi wannan aiki da shi kuwa yakan fito da kauri kamar kunu, launin ƙasa-ƙasa, zafinsa ya kai digiri 80 zuwa 90, kuma kowane tan na mai yana barin kusan tan 3 na wannan dagwalo. Malesiya na matse tan miliyan 18 zuwa 20 na manja a shekara. Mai lissafi ya lissafa, zai ga dagwalon ya haura tan miliyan 50.

A shekarun 1970, lokacin da noman kwakwa ke bunƙasa a ƙasar, kai tsaye ake sakin wannan ruwa cikin koguna. Ba guba ba ce irin ta sinadarai, domin babu abin da ke ciki sai ragowar ƴaƴan itace da ɗan mai, to amma ƙarfin ruɓarsa ya ninka na ruwan kwatar gidaje kusan sau ɗari, yana shanye iskar da ke cikin ruwa har kifi su mutu. Masunta da manoman shinkafa suka koka. Gwamnati ta yi dokar kare muhalli a 1974, ta bi ta da ƙa'idoji na musamman kan masana'antun manja a 1977, inda aka tilasta wa kowa ya gyara ruwansa kafin ya sake shi. Hanya mafi araha da masu masana'antu suka samu ita ce haƙa manyan kududdufai a jere, a zuba dagwalon ya yi makonni ko watanni yana ruɓewa yana tacewa daga wannan zuwa wancan. Koguna sun samu sauƙi ƙwarai, wannan ba mai musu. Sai dai an gudu ne ba a tsira ba, domin ƙazantar da aka hana shiga ruwa sai ta koma sama.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin tsohon kududdufi a bayan gari da damina ya ga kumfa na tasowa daga ƙasa yana fashewa, to ya ga abin da muke magana a kai. Duk abin da ya ruɓe a inda iskar shaƙa ba ta kaiwa, ƙwayoyin halittar da ke cinsa suna fitar da wata iska da masana ke kira metan. Ita ce dai babban sinadarin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, kuma tana cin wuta. Ba ta da launi, ita kanta ba ta da wari, amma idan ta hau sama tana riƙe zafin rana fiye da hayaƙin kabon da motoci da injuna ke fitarwa: ninki 28 idan aka auna a kan shekara ɗari, sama da ninki 80 idan aka auna a kan shekara ashirin. Abin da ya sa hankalin duniya ya karkata gare ta shi ne ba ta daɗewa, cikin shekara 12 ko makamancin haka take bajewa, saɓanin kabon da ke shafe ɗaruruwan shekaru. Wato wanda ya rage metan yau, shi da kansa zai ga amfanin, ba sai jikokinsa ba.

Masana sun ƙiyasta cewa kowace lita ta dagwalon manja tana iya fitar da lita 28 na gas, wanda fiye da rabinsa metan ne. Bari mu mayar da lissafin zuwa ma'aunin da muka saba. Bidon lita 25 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na mai. Kafin a samu wannan, an zubar da dagwalo kusan cikin bido uku. Idan a buɗaɗɗen kududdufi aka bar shi, metan ɗin da zai tashi bai cika kilo ɗaya ba, amma zafin da zai riƙe daidai yake da na kabon kilo 20 da wani abu, wato kusan nauyin man da ke cikin bidon. Lissafinmu ne na kusa-kusa, kuma kududdufi ya bambanta da kududdufi, amma ya isa ya nuna dalilin da ya sa a rahotannin da Malesiya ke miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, dagwalon masana'antu, wanda mafi yawansa na manja ne, yake sahun gaba wajen fitar da metan, tare da rijiyoyin mai da gas da kuma jujin birane.

Abin mamaki shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba ya bukatar wani ilimi mai zurfi. Ana lulluɓe kududdufin da wata leda mai kauri, sai gas ɗin ya taru a ƙarƙashi ledar ta kumbura kamar tanti, ko kuma a gina manyan tankuna a rufe. Daga nan a ja gas ɗin da bututu, a tace shi, a kunna injin lantarki da shi. Masana'anta mai matsakaicin girma tana iya samar da megawat 1 zuwa 2 daga dagwalonta kaɗai, wutar da za ta ishi ƙaramin gari. Ko da ƙona gas ɗin kawai aka yi a banza, ya fi a bar shi ya tashi ɗanye.

To me ya hana kowa yi? A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya buɗe kunne, domin labarin na kuɗi ne daga farko har ƙarshe.

Idan ba a manta ba, yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, wadda ta fara aiki a 2005, ta buɗe wata kasuwa inda kamfanonin ƙasashe masu arziki ke biyan masana'antun ƙasashe masu tasowa su rage hayaƙi, su kuma su karɓi takardar shaida a madadin nasu ragin. Masu masana'antun manja a Malesiya sun yi rububin shiga, domin kududdufin da ke damun maƙwabta da wari ya zama abin samun kuɗin Turai. A 2008 takardar tan ɗaya ta kai kusan yuro 20. Kafin ƙarshen 2012 ta faɗi ƙasa da yuro 1. Duk wanda ya taɓa cika sito da kaya sannan kasuwa ta karye a kansa ya san abin da ya biyo baya: sabbin ayyuka suka tsaya cak.

Gwamnatin Malesiya ta yi ƙoƙarin cike giɓin. A shirinta na tattalin arziki na 2010 ta sa burin cewa kafin 2020 kowace masana'antar manja za ta kama gas ɗinta. A 2011 ta yi dokar da ta ba masu irin wannan wuta damar sayar wa kamfanin lantarki a farashi mai gwaɓi na shekaru masu yawa. Daga 1 ga Janairun 2014 kuma hukumar kula da manja ta ƙasar, MPOB, ta daina ba da lasisin sabuwar masana'anta, ko na faɗaɗa tsohuwa, sai da na'urar kama metan ko hana shi tashi. Dokar ta yi kyau a takarda, amma ta bar ƙofa a buɗe, domin tsohuwar masana'antar da ba ta nemi faɗaɗawa ba babu abin da ya tilasta ta. Da 2020 ta zo, waɗanda suka kafa na'urar ko rabi ba su kai ba.

Bai kamata mu yi saurin cewa rowa ce kawai ba. Masana'antar manja ba ta da yunwar wuta, domin tun asali da tuƙa da ɓawon kwakwa take hura tukunyarta, kuma sun ishe ta. Idan ta samar da ƙarin wuta dole ta sayar, alhali da yawa suna cikin daji, nesa da babban layin lantarki, kuma jan waya na kilomitoci masu yawa yana iya cinye ribar gaba ɗaya. Manyan kamfanoni masu hannun jari a kasuwa da masu sayar wa Turai sun yi, saboda suna da kuɗin kuma ana sa musu ido. Masu masana'anta ɗaya tilo, waɗanda ke sayen ƴaƴa daga ƙananan manoma, su ne aka bari a baya. Mu da muka san bambancin babban dila da mai tebur ba ma bukatar dogon bayani a nan.

Turai ce ta mayar da wannan bambanci ya zama na farashi. A dokarta ta 2009 kan makamashi, Tarayyar Turai ta ce man dizal da aka yi daga tsirrai ba zai samu tallafi ba sai ya rage hayaƙi da aƙalla kashi 35 cikin ɗari idan aka gwada da dizal na rijiya. A jadawalin dokar, dizal ɗin manja da ba a bayyana yadda aka matse shi ba an ba shi kashi 19, wanda aka kama metan a masana'antarsa kuma kashi 56. Mai iri ɗaya, daga itace iri ɗaya, amma leda a kan kududdufi ta raba mai shiga da wanda za a tsayar a ƙofa. Daga baya ma Turai ta yanke cewa kafin 2030 za ta daina ƙirga dizal ɗin manja cikin makamashi mai tsafta, wannan karon saboda saran dazuzzuka. Malesiya ta kai ƙara hukumar ciniki ta duniya, wadda a Maris 2024 ta ce Turai na da hurumin yin dokar, ko da yake ta same ta da kurakurai wajen aiwatarwa.

Sakamakon haka kasuwar manja ta rabu gida biyu: mai takarda da marar takarda. Mai takarda, wanda za a iya bin sawunsa har gonar da aka sare shi, yana tafiya inda ake biyan kuɗin takarda. Marar takarda kuwa yana neman inda ba a tambaya, kuma gaskiya ɗaya ce, kasuwanninmu na cikin wuraren da ba a tambaya. Wannan ba ya nufin man da ke zuwa mana gurɓatacce ne, domin metan ba ya shiga cikin bido, kuma mai daga masana'anta mai buɗaɗɗen kududdufi ba ya bambanta da ɗan'uwansa a tukunya. Abin da yake nufi shi ne muddin akwai masu saye irinmu da Indiya da Pakistan da sauransu waɗanda farashi kaɗai suke dubawa, mai tsohuwar masana'anta ba shi da dalilin gaggawa.

Akwai wani abin dariya mai ban takaici da takardun nan suka haifar. A saman kududdufin wani ɗan mai yakan taso, wanda ba ya ciwuwa, da can sai dai sabulu. Da Turai ta ce dizal ɗin da aka yi daga shara yana da lada fiye da wanda aka yi daga sabon mai, sai wannan kwasar kududdufi ta yi daraja. Nan da nan yawan abin da ake fitarwa da sunan man dagwalo ya zarce abin da kududdufan za su iya bayarwa nesa ba kusa ba, har a Janairun 2025 ma'aikatar cinikin Indunusiya ta ƙuntata fitar da shi, bisa zargin cewa ana haɗa shi da lafiyayyen manja. Mu dai algus ɗin da muka sani shi ne a zuba mugun abu cikin mai kyau. Wannan kuwa mai kyau ake zubawa cikin shara domin a sayar da shi da sunan shara.

Yanzu ga tambayar da muka san tana zukatan masu karatu: idan aka tilasta wa kowace masana'anta rufe kududdufinta, bido zai ƙara kuɗi? A ganinmu, in ma zai ƙara, ba abin a zo a gani ba ne. Kuɗin ginin sau ɗaya ake kashewa, a raba shi a kan dubban tan da ake matsa shekara da shekaru, kuma inda ake sayar da wutar yana dawowa. Abubuwan da suka girgiza farashin bido a shekarun nan mun san su, domin a kanmu suka faru. A Maris 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tsayar da man sunfulawa, tan ɗin manja a kasuwar Kwala Lampur ya haura ringit 7,000, abin da ba a taɓa gani ba. Daga 28 ga Afrilu zuwa 23 ga Mayu na wannan shekara Indunusiya ta hana fitar da manja kwata-kwata domin ta kwantar da hankalin matan gidanta. A nan gida, Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an toshe gadar Malanbil da Gaya, kaya suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuma ko da Benin ta buɗe ɓangarenta a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe. Ga faɗuwar naira a 2023 da 2024 da ta birkita lissafin duk mai saye da sefa ya sayar da naira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi ledar kududdufi nauyi a kan bido, don haka duk dillalin da ya zo mana da labarin cewa dokar muhalli ce ta sa kaya ya hau, mu tambaye shi wace doka ce, kuma yaushe aka yi ta.

Wani zai ce, to in ba ta shafi farashi ba, ina ruwan Bamaraɗe ko Bakatsine da kumfar kududdufin Sabah? Ruwanmu shi ne sama ɗaya ce. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Da daminar wannan shekara ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon Satumba, sannan a ranar 10 ga watan madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. Ba za mu ce dagwalon Malesiya ne ya rushe masallacin Damagaram ba, wannan ƙarya ce. Amma masana sun ɗora wa metan kusan kashi 30 cikin ɗari na ɗumamar da duniya ta yi tun farkon zamanin injuna, kuma yankin Sahel na cikin masu shan wahalar wannan ɗumama alhali abin da yake fitarwa kaɗan ne.

Adalci kuma ya sa mu faɗi cewa manja ba shi ne babban mai laifi ba. A duniya, noma da kiwo ke fitar da kusan kashi 40 na metan ɗin da ɗan Adam ke haddasawa, mai da gas da kwal kusan kashi 35, shara da ruwan ƙazanta kusan kashi 20. Gyatsar shanun da muke korawa kasuwar Maigatari tana cikin lissafin, haka ma fadamun shinkafa. Bambancin shi ne ba wanda zai iya sa wa saniya leda, amma kududdufi yana wuri ɗaya, yana da mai shi, kuma abin da ke tashi daga cikinsa abin sayarwa ne. Shi ya sa a taron Gilasgo na Nuwamba 2021, da ƙasashe fiye da ɗari suka yi alkawarin rage metan da kashi 30 kafin 2030, ciki har da Malesiya da Indunusiya da Nijeriya, mutane suka ɗauka daga irin wannan za a fara. Alkawarin dai na ganin dama ne, babu tara ga wanda ya saɓa, kuma Amurka da ta jagorance shi tare da Turai ta sake juya wa yarjejeniyar Paris baya a Janairun 2025.

Ba za mu wuce ba sai mun tuna cewa itacen nan namu ne. Daga Afirka ta Yamma ya fito. Ƴan Holan sun dasa ƙwaya huɗu a lambun Bogor na tsibirin Jawa a 1848, gonar kasuwanci ta farko a Malesiya an buɗe ta a 1917 a jihar Selangor, kuma har farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya. Ko ɗan ƙwaron da ke yi wa itatuwansu barbara daga Kamaru aka kai musu a 1981. Yau Nijeriya na shigo da manja domin nata bai isa ba, kuma daga jihar Edo zuwa Kamaru da Gana da Kodibuwa ana faɗaɗa gonaki da gina manyan masana'antu domin cike giɓin. Kowace sabuwar masana'anta za ta haƙa nata kududdufin. Malesiya ta yi shekara kusan arba'in tsakanin dokar da ta sa a haƙa da dokar da ta ce a rufe, kuma ta gano cewa sa sharaɗin a ranar ba da lasisi ya fi sauƙi nesa a kan bin tsohuwar masana'anta ana lallashi. A ƙasashen da ake ɗauke wuta kullum, barin megawat biyu ya tashi sama a banza ya fi ƙarfin a kira shi sakaci.

Ga mai bido a shago kuwa, abin da ya fi dacewa ya sa wa ido a watanni masu zuwa yana Jakarta. Indunusiya, wadda ta ƙwace wa Malesiya matsayi na ɗaya tun 2006, tana zuba manjanta cikin dizal ɗin motocinta: kashi 30 a 2020, kashi 35 a 2023, kashi 40 daga Janairun 2025, kuma gwamnatin Shugaba Prabowo Subianto ta bayyana aniyar kai shi kashi 50. Duk tan ɗin da ya shiga tankin mota a can, tan ne da ba zai sauka Lome ko Kotonu ba, kuma a ƙarshen 2024 har an ga manja, wanda aka sani da araha, ya fi man waken suya tsada a kasuwar duniya. Wanda ke da niyyar cika sito kafin azumi, ya fara jin abin da aka yanke a can kafin ya biya kafin alƙalami.